Sunan da Ba a Shigar Ba

A shekarar da kamfaninmu ya kwaso hedikwatarsa daga Legas ya dawo da ita Abuja, ni ce mai shayi a bene na biyu. Kamfanin masu yin tituna da gadoji ne. Kafin a kwaso, ofishin nan ƙarami ne, 'yan ɗakuna da filin ajiye manyan motoci, sai ɗan asibitin ma'aikata can ƙarshen fili, gindin mangwaro. Da manya suka ce za su tare a nan gaba ɗaya, aka ta da bene hawa uku, motoci suka yi ta shigowa da kabad-kabad na ƙarfe cike da fayil. Wasu fayilolin ruwa ya taɓa su a hanya. Mu masu shara da shayi muka shimfiɗa su a baranda muna juya su kamar ana shanyar kuɓewa, wani oga yana tsaye a kanmu yana cewa mu bi a hankali, rayuwar mutane ce a ciki. Shi da wasa ya faɗa, ni kuwa na riƙe maganar.

Gwaggo ce ta samo mini aikin. Ƙanwar mahaifin maigidana ce, kuma ita ce shugabar masu shara, ta daɗe a wurin tun ofishin yana ƙarami. Gida ɗaya muke a Kuje, ɗakinta yana kallon namu. Kullum tare muke fitowa da sassafe mu hau motar ma'aikata a bakin titi, maigida kuma ya nufi Gudu inda yake sayar da kayan mota. Karatuna bai wuce aji biyar na firamare ba, sai islamiyya. Ina karanta Hausa, ina gane lambobi, rubutu ma ina yi, amma a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wannan da kuke karantawa na daɗe ina yin sa.

A lokacin 'ya'yana biyu. Ƙaramin yana goye. Babbar shekararta shida, kuma tana da sikila. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko an tambaye ta ba ta cewa nata ne. Haka na ga mahaifiyata ta yi wa yayanmu har ya ajiye gemu. Ga shi kuma sunan mahaifiyar maigida aka sa mata, Allah ya jiƙanta, sunan da ko ba 'yar fari ba ce ba zai fito daga bakina ba. Kowa da laƙabi yake kiranta. Ni ko laƙabin ban cika faɗa ba, sai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. Da aka yaye ta Gwaggo ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, duk unguwa aka san ta da 'yar Gwaggo. Amma in ciwon zai tashi, ni nake fara ganin farin idonta ya soma yin rawaya. Ina kallonta ta gefen ido, ina wanke-wanke, ba wanda ya san ina kallo.

Abin da ya riƙe ni a aikin nan shi ne asibitin gindin mangwaro. Akwai wata nas da muke kira Sista, 'yar Filato ce, ta iya Hausa kamar mu. Ta yi wa yarinyar kati mai ruwan ɗorawa, ta rubuta laƙabinta a kai, a ƙasa ta sa 'yar mai shayi. Duk wata tana ba mu ƙwayoyinta. In ciwon ya fi ƙarfin wurin, sai ta rubuta takarda da hannunta, motar asibiti ta kai mu babban asibitin da kamfani yake hulɗa da shi. Sau uku aka yi haka. Ba a taɓa tambayata kome ba, fuskarmu kawai Sista take gani.

Bayan manya sun tare da wata biyu, aka ce kowane ma'aikaci ya zo ranar Asabar a shigar da shi kwamfuta, shi da iyalinsa. Na zo da ƙaramin a bayana. Layi ya yi tsawo har matattakala, mu mata masu shara muna waje ɗaya. Wadda take shigarwar wata ce daga cikin waɗanda suka zo daga Legas, muna ce mata Madam. Ba ta da faɗa, sai sauri. Hausarta irin ta Abuja ce, kowa namiji ne a bakinta. Ta ɗauki hotona, ta tambayi garinmu da shekaruna, sannan ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Yara nawa kana da shi?"

Gwaggo tana bayana, numfashinta a wuyana. Bayanta kuma akwai wasu dattawan mata biyu 'yan garinmu. Na sunkuyar da kai, na ɗan juya don Madam ta ga goyon. Gwaggo ta yi dariya ta ce:

"Wannan ɗin ne nata, Madam. Babbar tawa ce, ni na sha wahalarta."

Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce ai yarinyar nan akwai kunya, an yi mata tarbiyya. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Madam ta buga sunan ƙaramin, ta sa na dangwala yatsa a wani ɗan gilashi mai jan haske, ta ce na gaba. Na koma wajen butata. Daga baya na ji cewa da aka zo kan Gwaggo, Madam ta ce 'ya'yan ciki kawai ake sawa, nata kuwa duk sun yi aure. Gwaggo ba ta damu ba, ni ma da na sani ba zan damu ba. A tunaninmu kwamfuta harkar manya ce. Yarinya tana da katinta, tana da Sista.

Bayan mako uku aka shirya taron kwana uku a babban ɗakin bene na biyu, don a koya wa shugabannin sassa sabon tsarin. Ni aka ba shayin taron. Wadda ta zo koyarwar Bazazzagiya ce, mai tabarau da gyale ruwan toka, kamfanin da ya sayar da manhajar ne ya turo ta. Malama kowa yake ce mata. Takan yi bayani da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa saboda shugabannin leburori da na direbobi, yawancinsu mutanen Kano da Katsina ne. Hakan ya sa na ji kome. Ina tsaye a bayan ɗaki kusa da filas-filas ɗina, ba wanda yake lura da mai shayi.

Ranar farko ta haska wani zane a bango da majigi. Ta ce da, kowane ofis da littafinsa. Sito yana da nasa, gareji yana da nasa, ofishin ma'aikata da asibiti kowa da nasa. Buhun siminti ɗaya sai a rubuta shi sau huɗu da hannu huɗu, in an zo haɗawa a ga kowa abin da ya rubuta daban. Ta ce manhajar nan kamar gida ɗaya ce mai ɗakuna da yawa, amma tsakar gida ɗaya. Duk manyan kamfanoni abin da suke komawa ke nan. Sau ɗaya ake shigar da abu, kowa ya gani daga ɗakinsa. In an ɗauki direba yau, gareji ya gan shi, asibiti ya gan shi, mai gadi a ƙofa ya gan shi, ba sai an aika masinja da takarda ba. Kuma ba kowa ke buɗe kowane ɗaki ba, kowa da makullinsa. In za a canja wani abu, mutum ɗaya ya shigar, na biyu ya duba, na uku ya amince, ita kuma ta rubuta wanda ya yi da lokacin da ya yi. Abin ya burge ni. Na tuna fayilolin da muka shanya a baranda, na ce a raina lalle wannan ya fi.

Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zagayawa da buta, ta cire tabarau ta ce akwai abu ɗaya da take so kowa ya tafi da shi gida.

"Ita manhaja ba ta san fuska ba. Abin da aka shigar shi ne akwai. Abin da ba a shigar ba, a wurinta babu shi, ko yana tsaye a gabanku."

Ina zuba wa wani injiniya shayi a lokacin. Sai da ya taɓa hannuna na ga ya cika kofin ya malala a faranti. Na ba shi haƙuri, na goge, na koma bayan ɗaki. Maganar Gwaggo ta ranar Asabar ce take dawo mini, da dariyar matan nan, da yadda Madam ba ta ko ɗago kai ba.

Da aka tashi sallar azahar na gangara asibiti da gudu-gudu. Sista ta ce ai tun farkon wata aka kunna abin a wurinsu, an kwashe katunan an zuba a kwali. Yanzu magani ba ya fita sai da lamba, takardar zuwa babban asibiti ma na'ura ce take fitarwa, can ɗin kuma an gaya musu kada su karɓi ta hannu. Ta buga lambata. Hotona ya fito, ƙarƙashinsa sunan ƙaramin, shi kaɗai. Ta buga ta Gwaggo, babu kowa. Ta dube ni ta ce ita ta ɗauka a ƙarƙashin Gwaggo aka sa ta. Ta ce in je wurin Madam yau ɗin nan, kada in kwana.

Na sami Madam tana cin abinci a teburinta. Ta saurare ni, ta ajiye cokali. Ta ce an rufe shigarwa, yanzu sai an cika fom, a kawo takardar haihuwa, ita ta shigar, shugaban ofishin ma'aikata ya duba, likita ya amince. Su ukun kuwa duk suna taro har jibi. In zo mako mai zuwa, za ta yi mini da kanta. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, da mamaki:

"Amma me ya sa kai bai faɗa ba? Yaro naka ne ko ba naka ba?"

Na ce tawa ce. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka ga wani mutum. Dalilin kuwa ban san yadda zan yi mata bayaninsa ba, sai na yi godiya na fita.

A mota na gaya wa Gwaggo. Ta juya tana kallon titi har muka wuce mahaɗar filin jirgi. Sannan ta ce wace irin na'ura ce wannan da ba ta san kunya ba, kowa a kamfanin nan ya san yarinyar, har karen mai gadi. Da ta ga ban yi dariya ba ta ce mako ɗaya ne, Allah zai tsare. Maigida da ya dawo ya buɗe akwati ya zaro takardar haihuwar daga cikin takardun aurenmu. Ta yi laushi, ta soma yagewa ta wajen ninki. Ya ce zai tafi da ita Gudu a yi mata hoto a manna mata leda, kada ta ƙarasa lalacewa a hannun mutanen ofis. Na ce to. Na leƙa ɗakin Gwaggo kamar ina neman ashana. Yarinyar tana cin tuwo, idonta fari, lafiya lau.

Rana ta biyu Malama ta yi magana a kan abin da ke tafe. Na saurare ta kamar yadda nake sauraron likita. Akwai wani ɗaki a ƙasan bene da kullum yake a kulle, sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsa, na'urori suna gurnani a ciki. Mu dai bakin ƙofar muke gogewa. Ta ce duk sunayenmu a ɗakin nan suke yanzu, amma nan gaba kamfanoni za su daina ajiye irinsa, za a riƙa ajiyewa a wasu na'urori can wata ƙasa, a riƙa ɗaukowa ta intanet. Ta ce lokaci na zuwa da shugaban leburori zai tsaya a bakin gada ya nemi ƙarfe ta wayar hannunsa. Littafin sa hannu na bakin ƙofa zai tafi, yatsa za a riƙa dangwalawa. Har ta ce manhaja za ta riƙa faɗa tun siminti bai ƙare ba, ta faɗa tun injin katafila bai lalace ba, don tana tara labarinsa tana lura. Wani tsohon shugaban leburori Bakatsine, mai farin gemu, ya ɗaga hannu ya ce ko za ta riƙa faɗa tun oga bai yi fushi ba, don mutum ya san ta inda zai bi. Ɗaki ya ɗauki dariya, har ogansa. Ni abin da nake tunani daban. In abu zai iya sanin inji zai lalace, ashe zai iya sanin ciwon yaro zai tashi. Amma sai yaron da ya sani.

Ranar aka yi ruwa tun la'asar. Da muka iso gida na tarar da yarinyar a zaure, rigarta a jiƙe, ta bi 'ya'yan maƙwabciyar da muke bar wa yaran sun yi wasan ruwa. Gwaggo ta yi ta faɗa tana canja mata kaya tana shafa mata mai. Ni na ɗora ruwan zafi. Na san abin da sanyi yake yi mata.

Da gari ya waye ba ta iya taka ƙafa ba. Ba ta kuka da ƙarfi, irin nishin nan take yi, tana riƙe gwiwa. Maigida ya riga ya fita da takardar a aljihunsa, waya ɗaya ce a gidan kuma tana wurinsa. Na bar ƙaramin wurin maƙwabciya. Gwaggo ta rungume ta a cinya a motar ma'aikata, ni ina gefe ina riƙe da takalmanta. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta yi nishi, ni kuma in ƙara damƙe takalman.

Sista ba ta tsaya tambayar lamba ba. Ta buɗe kabad ɗin gaggawa ta sa mata ƙarin ruwa, ta yi mata allura. Sannan ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta duba tafin hannunta, ta kira ni gefe. Ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, ƙarin jini take bukata, kuma yau, ba gobe ba. Ta ɗaga waya ta kira gareji. Na ji mutumin garejin yana rantsuwa cewa shi a shirye yake, amma mota ba ta fita ƙofa sai buƙatar ta fito a allonsa, kuma ko ya kai mu, can ɗin za su nemi takarda mai lamba. Na ce ko mu ɗauki tasi mu tafi wani asibitin. Sista ta ce sai an buɗe sabon kati, a bi layi, a gwada jini, a nemi mai bayarwa, alhali can suna da labarinta duka tun zuwanmu na baya. Ta ce mutum ukun da nake bukata suna ɗaki ɗaya a sama, in hau.

Gwaggo ta zauna da yarinyar. Na hau matattakala. Tun da na fara aiki ban taɓa shiga ɗakin taron nan hannu rabbana ba, kullum da tire ko da buta. Na tura ƙofa na tsaya, ban san inda zan sa hannuwana ba. Mutum wajen arba'in, an rage fitilu saboda majigi. Wani ya waiwayo ya ce yauwa, ga shayi, sannan ya ga babu. Malama ta dakata da magana ta ce:

"Baiwar Allah, lafiya?"

Na taka har gabanta. Na ce yarinya ce ba lafiya a ƙasa, ana so a kai ta ƙarin jini, kuma ba ta cikin na'ura. Ta tambaya ko sabuwar haihuwa ce. Na ce shekararta shida. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"'Yar fari ce?"

Na gyaɗa kai. Ba ta ƙara tambayata kome ba. Ta juya ta yi Turanci da sauri, na ji ta ambaci likita, na ga ya miƙe. Madam ta taso daga kujerarta ta zauna gaban kwamfutar Malama, tana cewa babu takardar haihuwa. Malama ta ce akwai gurbin wucin gadi da aka yi don irin wannan, a shigar yanzu a kawo takarda cikin mako, ai jiya ta nuna musu shi. Madam ta buga lambata. Ba wanda ya tuna a kashe majigin. Sai ga fuskata a bango, ƙatuwa, ɗankwalina a karkace. Ƙarƙashinta sunan ƙaramin, ƙarƙashinsa kuma layi fari babu kome, wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa a farkonsa.

Madam ta ce suna. Ba laƙabi ba, sunan da ke takarda.

Malama ta turo mini takarda da biro a hankali, ba ta dube ni ba. Na gane abin da take yi mini, kuma har gobe ina yi mata addu'a. Na kalli biron. Na san hannuna. Ko ina zaune lafiya sai na ɗauki lokaci kafin in haɗa baƙaƙe. A ƙasa kuma yarinyar tana kwance tana nishi. Na bar biron a inda yake, na faɗi sunan.

Bai fito da kyau ba. Kamar na ɗauko wani abu mai nauyi da ban taɓa gwada ɗagawa ba. Madam ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa, da ƙarfi, ni da kaina na ji shi ya kai bangon baya, wajen filas-filas ɗina. Baƙaƙen suka riƙa fitowa a bango ɗaya bayan ɗaya, sunan surukata, sunan 'yata. Na ga tsohon Bakatsinen nan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, wasu daga cikin mutanenmu ma haka. Sun kawar mini da ido ne, na sani. Madam ta tambayi ranar haihuwa na faɗa, ta tambayi dangantaka.

"'Yata ce. Ni na haife ta."

Ta ce in dangwala, na dangwala. Shugaban ofishin ma'aikata ya zo ya sunkuya ya buga makullinsa. Likita ya buga nasa a tsaye, ya fice yana gyara abin awonsa a wuya. Wata lamba ta fito kusa da sunan. Malama ta ce in tafi, an gama.

Kafin in sauko matattakala ta ƙarshe na ji ƙarar mota. Gareji sun gani a allonsu, kamar yadda ta faɗa ranar farko. Sista tana tsaye da takarda a hannu, da ɗuminta daga na'ura. Mai gadi ya riga ya buɗe ƙofa. Abin da ya hana mu fita shi ne ya buɗe mana hanya cikin ɗan lokacin da bai isa a tafasa ruwan shayi ba, kuma har yau ban san ko in gode masa ko in ji tsoronsa ba.

An ƙara mata jini kafin la'asar. Maigida ya iso da takardar a cikin sabuwar ledarta, yana ta juya ta a hannu, bai san wanda zai ba ba. Kwana huɗu muka yi. A rana ta biyu, da leɓen yarinyar ya soma yin ja, tana kwance ido a rufe, Gwaggo tana yi mata fifita ta tambaye ni ba tare da ta kalle ni ba ko gaskiya ne abin da ta ji, wai na faɗa a gaban manya. Na ce gaskiya ne. Ta ce da bakina. Na ce da bakina, sau biyu. Ta daɗe tana fifita. Sannan ta ce mai sunan da tana raye, da ita za ta fara tura ni saman benen. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma ban sake jin ta ce babbar tata ce a gaban baƙo ba.

Ashe yarinyar ba barci take yi ba. Washegari da hantsi ina ba ta kunu a cokali, ta tsare ni da ido ta ce:

"Wai kin kira sunana?"

Na ce ta sha kununta.

"Yaya kika ce?"

Na ce kunun zai huce. Ta sha cokali biyu tana kallona. Gwaggo ta miƙe ta ɗauki buta ta ce bari ta je ta yi alwala, alhali azahar da saura. Ta ja labule a bayanta. Na ajiye kofin a kan kabad, na gyara mata zanen da ya zame daga ƙafarta, na duba farin idonta. Sannan na sunkuya kusa da kunnenta na faɗa mata.

Ta kasa kunne tana saurare, kamar ana kiran wata a ɗaki na gaba. Can ta ce in ƙara mata kunun.